Kwanon Maman Selbi

Muchiya, Sabon Gari, Zariya.

Zuwa ga maigidana Ishaya, wanda zai tsallake teku ya bar ni ba ko cefane.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da nawa. Na zaɓi rubutu ne don in na yi maka magana da baki, sai ka yi ta "to Kaka, to Kaka," idonka na kan wayar nan taka, hankalinka kuma yana Samaru wurin yarinyar nan mai tabarau da kake zaton ban sani ba. Allah ya kiyaye hanyarka, ya sauke ka ƙasar Indiya lafiya, ya buɗe maka kai a karatun haɗa magunguna. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya, kuma biron uwarka ne na sata.

A ƙasan akwatinka, ƙarƙashin wanduna, akwai kwanon silba mai murfi. Uwarka ta fitar da shi, na mayar. Ta sake fitarwa, ta ce, "Mama, a filin jirgi kilo ake aunawa." Na ce to ta cire takalman nan naka masu kama da kwale-kwale. Yanzu dai yana ciki. Kada ka bari ta gani sai kun wuce Kwangila.

Kwanon nan ba nawa ba ne. Ko kuma nawa ne. Abin da ban sani ba ke nan tun uwarka tana firamare, kuma dalilinsa nake aiken ka. Ka zauna ka karanta da kyau.

Lokacin da marigayi kakanka yake tuƙa motar gonar gwaji a Samaru, mun zauna a ɗakunan baya na wani gida a kwatas. Masu babban gidan Indiyawa ne. Mijin malamin lissafi ne a jami'a, siriri, ba ya magana sai in ta kama. Suna da 'ya ɗaya, Selbi, don haka matar muka sa mata Maman Selbi. Gajeriya ce, baƙa kamar ni, abin da ya fara ruɗa ni ke nan, don Indiyawan da na sani a silima ta Sabon Gari duk farare ne, kuma ba sa rabuwa da rawa a gindin bishiya. Na haɗa hannu na yi mata irin gaisuwar da muke ji a fim. Ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Fulatanci. Sai ta dafa ƙirjinta ta ce, "Tamil." Kakanka ne ya bayyana mini cewa yarensu ke nan, kuma na fim ɗin ita ma ba ji take ba. Shi ya sa ranar da ka shigo da takardar makaranta ka ce garin da za ka Tamil ake ji, ka ga na ajiye tsintsiya na zauna a kan turmi. To ga shawara ta farko: duk abin da ka koya a fim, ka bar shi a Zariya.

Turancinta kaɗan ne, nawa bai kai nata ba, Hausarta kuma "sannu" ce da "nawa ne." Da hannu muka yi yawancin zamanmu.

Akwai zogale a bakin ƙofarmu. Ka san mu, ganye muke tsigewa mu yi kwaɗo, dogayen 'ya'yan nan kuwa mu bar su su bushe a sama. Wata safiya na fito na same ta tsaye ta ɗaga kai tana kallon bishiyar kamar ta ga ɗan'uwanta. Na tsigo mata ganye, ta ƙi. Ta nuna 'ya'yan, ɗanyu, masu kama da bulala. Na ce a raina, yarinyar nan Selbi ba ta da rashin ji, me za a yi da bulala har guda nawa? Na kakkaɓo mata dai.

Da rana sai ga ta da kwanon nan a hannu, da shinkafa a faranti. Na buɗe. Miya ce mai kauri, ba ja ba, ba kore ba, ga nama da ƙashi, ga gauta, ga bulaluna a yanke suna iyo a ciki. Ta ce sunanta dalca, ko wani abu kusa da haka. Kuma ba ta tafi ba, ta ja kujerar tsuguno ta zauna tana jiran in ci. Romon dai, Ishaya, ban taɓa sa irinsa a baki ba, tsami-tsami, yaji-yaji, da wani ƙamshi da ban san inda zan ajiye shi ba. Sai na kai kan zogalen. Na tauna, na tauna, abu kamar soson wanka. Matar mutane tana kallona tana murmushi, ina zan tofar? Na haɗiye. Da ta ga babu ko ɗaya a gefen farantina, sai ta ɗauka ƙaunarsa nake, ta tsamo sauran duka ta juye mini. Kakanka yana daga ɗaki yana leƙe, bayan ta tafi ya fito ya ce, "Saratu, wannan ko akuya tofarwa take." Sai daga baya na ga Selbi tana cin nata: ta sa a baki, ta ja tsakanin haƙora, ta zuƙe na cikin, ta ajiye ɓawon a gefe. In aka kawo maka abin da ba ka san kansa ba, ka nemi ƙaramin yaro a wurin ka ga yadda yake yi. Kunya ta sa ni kwana da ciwon ciki, kai kuma naka cikin ko kunu ya yi tsami sai ka kwanta.

Na wanke kwano. To ka san tarbiyyar da aka yi mana, ba a mayar wa maƙwabci da kwano wayam. Na zuba dambu na kai. Na ce shi ke nan, an rabu lafiya. Washegari ga kwano ya dawo da wasu fararen abubuwa kamar waina amma ba a soya ba. Ashe su ma a garinsu haka dokar take. Na zuba ɗanwake. Ya dawo. Na zuba fate. Ya dawo. Kakanka ya ce, "Ku biyun nan, wa zai fara gajiya ne? Kwanon nan ya fi motata zirga-zirga." Ba wadda ta gaji, ko kuma duk mun gaji amma ba mai iya tsayawa, ni dai ban sani ba. Haka muka yi shekaru.

Sau ɗaya ne kwanon ya tsaya, kuma ni na jawo. Ranar Kirsimeti muka yi watanda, na zaɓi tsoka mafi kyau ta naman sa, na soya, na cika kwano har murfi yana ɗagawa. Ta buɗe, ta rufe, ta riƙe shi da gefen zanenta. Da yamma na hango ta a bayan kicin tana dirzar kwanon da toka da tsamiya kamar za ta huda shi. Kwano ya daina zuwa. Ni ina nan ina ta tunanin ko gishiri ne ya yi yawa, sai da mijinta ya gaya wa kakanka cewa su ba sa cin saniya ko kusa, akuya da kaza kawai. Na rasa inda zan sa kaina. Can wata rana sai ga shi ya dawo da wani abu mai zaƙi kamar kunun shinkafa. Har yau ban sani ba, yafe mini ta yi, ko dai dokar kwano ce ta fi ƙarfinta. Kai dai kafin ka ba mutum abinci a can, ka tambaya. In ba ka da yaren tambaya, ka yi kukan dabbar, za su gane. Ni haka na koma yi.

Yanzu maganar koyon miyar. Na ce ta koya mini, ta ce mu je kasuwa. Muka hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari. Ta wuce farin wake, ta wuce ja, ta wuce waken suya, masu kaya suna ta "Madam, zo nan." Sai da muka shiga layin matan Ibo ta tsaya gaban wani ƙaramin wake mai tauri da suke kira fiyofiyo. Mai sayarwar ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kai, Maman yara, wannan Indiya ta san abincin ƙauyenmu? Ko mijinta ɗan Nsuka ne?" Na ce ni ma rakiya na yi.

Bayan kwana biyu na fito shanya, sai na ga waken nan baje a kan tabarma a rana, duk ya cuɗe da jar laka, kamar an kwaso shi daga ramin gini. Raina ya ɓaci. Na tabbata uwarka ce da ƙawayenta suka yi wasan girki da shi, har na ja mata kunne tana rantsuwa. Maman Selbi ta tafi kai wa mijinta abinci, na ce bari in rufa wa kaina asiri kafin ta dawo. Na kwashe waken, na wanke shi tas, ruwa bayan ruwa, na sake bajewa yana ƙyalli. Ta dawo ta gani. Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da zane, kafaɗunta suna rawa. Dariya ce ko kuka, ban tantance ba, kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Da ta tashi, sai ta kama hannuna ta kai ni bayan gida inda aka haƙa jar ƙasa. Ta ɗiba, ta kwaɓa da ruwa, ta zuba waken ciki ta cuɗe da hannunta. Ita ta yi da kanta tun farko. Haka ake yi a ƙauyensu: a jiƙa waken, a cuɗe shi da jar ƙasa ya kwana, a shanya ya bushe ƙayau, sannan a ɓarza a dutsen niƙa. Sai ka ga ɓawon ya saki, kowace ƙwaya ta rabe biyu, rawaya, a bakace a faifai ƙasar ta tafi da ɓawon. Na ce mata, da hannu, me ya sa ƙasa? Ta ba ni amsa mai tsawo da yarensu. Na ce "to." Ban gane ba, amma na yi shekara da shekaru ina yi, kuma in ban sa ƙasar ba ɗanɗanon ba ya zama ɗaya. Uwarka har gobe tana tuna mini kunnenta. In ka ga abu a gidan mutane ya yi maka kama da ɓarna, ka sa hannunka a aljihu tukuna.

Jiya kuma uwarka ta ce wai a can a shago ake sayar da waken a ɓarje, a leda. In haka ne, to ni wahalar me na sha? Ka duba mini.

Ga yadda za ka dafa, kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona. Ka nemi naman akuya mai ƙashi da ɗan kitse. Tsoka zalla ba ta yin wannan miya. Maman Selbi haƙarƙari take zaɓa, mahauci yana murna yana zaton ya cuce ta. Waken a tukunyarsa da kurkum da tafarnuwa, naman a tasa tukunyar da albasa, citta, kanumfari, kirfa da barkono. Kowa ya nuna a gidansa tukuna. Waken sai ya narke, ka dame shi da bayan ludayi ya koma kamar kunu mai kauri. Sannan ka haɗa su, ka zuba gauta da zogalen, a yanke tsawon yatsa. In sun yi laushi ka sa ɗanyen mangwaro da ɓawonsa, ka tace ruwan tsamiya ka zuba. Tsamiya a ƙarshe, ka ji ko? Ranar da na fara yi ni kaɗai na zuba ta tun farko, wake ya ƙi nuna, ya yi mini taurin kai irin naka. Sai na jefa kanwa, yadda kowace mace mai hankali za ta yi. Tukunya ta yi kumfa ta taso, miya ta koma kalar ruwan kwata, tsamin ya gudu. Kakanka ya ɗanɗana ya ce yau azumi yake.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mai. Mu da mai muke fara miya. Ita sai an gama komai, har na ɗauko faranti, sannan ta ɗora ɗan kasko a wuta, ta zuba mai, ta watsa wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi su yi ta tsalle suna fashewa, ta jefa ganyen wata 'yar bishiya da ta shuka a bakin famfo, ta juye duka a kan miyar ta rufe da sauri. Ƙamshin da na gaya maka, daga nan yake. Na tambayi sunan ƙwayoyin, mijinta ya faɗa da Turanci, kakanka ya ce, "Saratu, ƙwayar mastad ce fa." Tun ina yarinya nake jin Fasto yana wa'azi a kanta, ashe ba a coci zan fara ganinta ba, sai a kicin ɗin matar da ba ta taɓa shiga coci ba. Wannan ma ban gama tunaninsa ba.

To bayan sun tafi, mastad ɗin da ta bar mini ya ƙare. Waɗanda suka shiga gidan suka sare 'yar bishiyar bakin famfon don su yi kejin kaji. Na koma sa ɗoɗɗoya a madadin ganyen. Wata shekara na jefa daddawa don in ji, kakanka ya ce ta yi, ban sake cirewa ba. Attarugu ma ban san ranar da ya shiga ba. Saboda haka abin nan da kuke kira miyar Indiya a gidan nan, wanda kake lashe kwanonsa tun ba ka da haƙora, ban sani ba ko akwai Ba'indiyen da zai gane ta. In ka dafa suka ce dalca ce, ka gode wa Allah. In suka ce mene ne wannan, ka ce abincin Zariya ne, kada ka tsaya bayani.

Saura yadda kwanon ya maƙale a hannuna. Aikin mijin ya ƙare, za su koma gida. Da safen da za su tafi, an riga an ɗaure kaya a mota, sai ga ta ta zagayo baya da kwanon, da zafinsa, dalca ce cike. A ina ta dafa, bayan an kwashe tukwane, ban sani ba. Ta ɗora mini a hannu, ta ɗora nata hannuwan a kan nawa, ta yi magana mai tsawo da yarensu, idonta ya yi ja. Ni kuwa abin da ke kaina ɗaya ne: kwanon mutane, kuma mota na jira. Na ce mata "ina zuwa," na ruga ɗaki, na juye miyar a tukunya, na wanke. Me zan zuba? Ban ɗora komai ba. Sai gyaɗa ɗanya. Na hura wuta na hau suya, ina juyawa ina leƙe. Kafin ta soyu na ji tashin mota. Na fito da kwano a hannu, gyaɗa na ƙona ni ta cikin silba, ba kowa sai mai gadi yana rufe ƙofa.

Kakanka ya ce, "Kyauta ta ba ki. Maganar da ta yi ke nan, ki riƙe ki riƙa tunawa da ita. Ke kuma kika bar ta tsaye kika tafi suyar gyaɗa." Na ce a'a, bi da bi muke yi, ita ta kawo na ƙarshe, yanzu nawa ne ya rage. Ya ce, "To da wane yare kika ji haka?" Na ce da wanda shi ya ji nasa. Mun yi wannan musu har ya bar duniya, ko a asibiti sai da ya tsokane ni da shi. Wani lokaci in ga kamar shi ke da gaskiya, in ji kunya ta kama ni don ban tsaya na rungume ta ba. Wani lokaci kuma in ga kamar tana can tana cewa, matar nan ta Samaru ta riƙe mini kwano.

Ga aikenka. A gindin kwanon akwai rubutu da aka tsattsaga da ƙusa, irin nasu mai kama da taliya ta zube. Ka nuna wa wani ya karanta maka, wataƙila sunanta ne. Uwarka ta ce Indiya ta fi Nijeriya yawan mutane nesa ba kusa ba, wai neman Maman Selbi a can kamar mutum ya sauka a tashar Kano ne ya ce a nuna masa gidan Maman Audu. Na ji. Ta girme ni ma, mai yiwuwa ta riga ni tafiya. Ka tambaya dai, bakinka ba zai tsage ba.

In ka same ta, ka miƙa mata. In ba ka same ta ba, kada ka dawo mini da shi, kada kuma ka mai da shi wurin ajiye sabulu. Na san halinka, za ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kai da littafi da biredi, har shekara ta ƙare ba wanda ya san sunanka a layin. In ka kama ɗaki ka huta, ka sayi akuyarka da wakenka ka dafa yadda na gaya maka. Ka cika kwanon, ka ƙwanƙwasa ƙofar da ta fi kusa da taka, ka tambaya ko suna cin nama, ka miƙa da hannu biyu, ka koma ɗakinka. Kada ka tsaya jiran kwano.

In ya dawo da abu a ciki, to ni ke da gaskiya, bi da bi ne, na sauke nawa, kai kuma ka shiga wahalar da ba ta ƙarewa, kuma hankalina zai kwanta don na san akwai mai lura ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka bugo wa uwarka waya ka ce a ba ni. In kuma bai dawo ba, to kyauta ce, kakanka ya ci musu. Wannan kada ka faɗa wa kowa a gidan nan, ni zan gaya masa da bakina in mun haɗu.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, ya tsare cikinka daga abin da ba ka sani ba, ya dawo mini da kai ina da sauran haƙoran tauna nama. Yarinyar mai tabarau kuma zan riƙa duba maka ita, kada ka damu, ba zan gaya mata kana tsoron ƙadangare ba sai in ta tambaya.

In ka ɗaga kwanon za ka ji yana kaɗawa. Gyaɗa ce, na soya jiya, wannan karon ta soyu a kan lokaci. Ba taka ba ce. Kada ka cinye ta a jirgi.

Ni ce matarka ta fari,
Kaka Saratu.